Tamale: gidan da tsohon buhu ya gina

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san buhu. Da shi muke kai hatsi kasuwa. Da shi ake cin bashi, da shi ake biya. In ya tsufa, a yi ma jaki shimfiɗa da shi. In ya yage, a toshe kafar rumbu. In ya ƙare sarai, a jefar a juji, ba wanda zai waiwaye shi.

To, a arewacin ƙasar Gana akwai wani gari mai suna Tamale. Wani ɗan garin ya tara irin waɗannan tsofaffin buhuna, ya sa aka ɗinke su, ya kai su manyan biranen duniya. Mutane suka kalla, masu kuɗi suka saya. Da kuɗin ya komo garinsu ya buɗe gidaje uku na nuna aikin gwanaye. Ba gwamnati ce ta buɗe su ba. Shi ne da kansa. Kowa na iya shiga, ba a biyan ko dala. Mun je mun gani, don gani ya kori ji. Ga labarin.

GARIN TAMALE

Tamale ce babban birnin jihar Arewa ta Gana. Tsakaninta da Ankara, babban birnin ƙasar, wajen kilometir 600 ne. Mai fitowa daga wajenmu yakan ratsa Burkina Faso, ya shiga Gana ta garin Paga, ya wuce Bolgatanga da Walewale. Daga iyaka zuwa Tamale wajen kilometir 200 ne, bisa kwalta. A shekarun nan rashin kwanciyar hankali ya sa ratsa Burkina ya yi wuya. Direbobinmu sun san wannan sarai.

Ƙasar Tamale ba kurmi ba ce. Fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi: kaɗanya, ɗorawa, kuka. Damina ɗaya gare su kamar mu, amma tasu ta fi tamu tsawo da ruwa. Suna noman doya, masara, dawa, shinkafa da gujiya. Da ɗari ƙura takan rufe gari kamar a Maraɗi. Cikin gari moto da keke sun fi mota yawa. Mata ma suna tuƙa moto, da kaya a baya, da ɗa a goye.

Masu garin Dagwamba ne, harshensu Dagbani. Amma Bahaushe ba ya ɓata a Tamale. A tasha, a kasuwa, a zango, ana jin Hausa. Dalili kuwa tsoho ne. Kakanninmu fatake sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goro da jakuna. Babbar kasuwar goron tana garin Salaga, kudu maso gabas da Tamale. A 1892 yaƙin sarauta ya watsa Salaga, fatake suka bazu, suka kafa zanguna a wasu garuruwa. A 1907 Turawan Ingila suka mai da Tamale mazaunin mulkinsu na arewa. Daga nan gari ya fara girma.

MAI GIDAN DA BUHUNANSA

Sunan mutumin Ibrahim Mahama. An haife shi a Tamale a 1987. Kada a haɗa shi da attajirin nan na Gana mai irin sunansa, ƙanen John Mahama. Wannan namu mai zane ne. Ya yi karatun zane a babbar makarantar Kumasi. Amma ba da alƙalami ko fenti ya yi suna ba. Da buhu ya yi.

Ku ji tarihin wannan buhu. Buhun algarara ne. Ana saƙa shi a Indiya da Bangaladash, da zaren wata shuka ƴar uwar lalon da muke miya da shi. Hukumar koko ta Gana ce take sayo shi sabo. Ana zuba mashi koko kilo 64, a kai shi bakin teku. In ya gama aikin koko, sai ya faɗa hannun ƴan kasuwa. Yau masara, gobe shinkafa, jibi gawayi. Kowane ɗan kasuwa ya rubuta sunansa ko alamarsa a jiki. In ya huje a yi mashi faci. Masu albasa na Galmi da Madawa sun san irinsa, don cikin algarara albasarmu take sauka kasuwannin Kumasi da Ankara.

Mahama ya dubi wannan buhu ya ga abin da mu ba mu kula da shi ba. Ya ga zufar ɗan dako. Ya ga baƙin gawayi da jar ƙasa. Ya ga sunayen mutanen da ba a rubuta su cikin wani littafi ba. Buhu yana ƙetare iyaka cikin sauƙi, amma wanda ya ɗauke shi a ka sai an tsai da shi an tambaye shi takarda.

Sai ya riƙa shiga kasuwa yana ba ƴan kasuwa sabon buhu, su ba shi tsoho. Ya ɗauki masu ɗinki, da yawansu ƴan arewa ne da suka je biɗa a kudu, suna haɗa buhunan da babbar allura. Ɗari su zama dubu. Abin ya zama ƙaton mayafi, har a lulluɓe bene da shi. Mai wucewa dole ya tsaya. Ginin da ya saba gani kullum, yau ga shi sanye da tsummar talaka.

A 2015 aka gayyace shi babban taron masu zane na birnin Benis, a Italiya. Ya lulluɓe bangon wani dogon lungu hagu da dama. A 2016 ya rufe babban gidan wasan kwaikwayo na Ankara. A 2017 ya rufe wasu tsofaffin gidajen tsaron ƙofa a Kasel, ƙasar Jamus. Sunansa ya fita duniya.

Amma akwai abin da ya rage. Masu kallon aikin a Italiya da Jamus ba su taɓa ɗaukar buhu a ka ba. Waɗanda suka ɗauka, da waɗanda suka ɗinka, da ƴaƴansu, ba su da kuɗin jirgi, ba su da biza. Aikinsu ya tafi, su suna nan. Wannan giɓin ne gidajen Tamale suka zo cikewa.

GIDA NA FARKO

Gidan farko yana cikin unguwa, tsakanin gidajen mutane. Ana kiran sa da baƙaƙe huɗu, SCCA. Tun farko Mahama ya so ya zama ɗakin aikinsa ne. Daga baya ya buɗe ma kowa ƙofa. An buɗe shi a watan Maris na 2019.

Ciki ƙaton zaure ne mai tsawon rufi, kamar magazan hatsi da aka share aka shafe. Ana rataya zane a bango, ana jera wasu abubuwa a ƙasa. Bayan wasu watanni a kwashe, a kawo wasu. Akwai wurin littattafai. Akwai matasa masu zagayawa da baƙo, suna bayani.

Abin lura shi ne, mai gida bai fara da nuna nasa aikin ba. Ya fara da na wani dattijo, Kofi Dawson, wanda aka haifa a 1940. Wannan dattijo ya yi shekaru masu yawa yana zane a Ankara, amma matasa kaɗan ne suka san aikinsa. Aka tattaro zanensa na tun ƙuruciya, aka jera su wuri ɗaya. Ya gani da idonsa kafin ya rasu a 2021. Da tsohuwar zuma ake magani. Yaro ya samu, ya fara da girmama na gaba da shi.

GIDAN JAN YUMƁU

Gida na biyu yana bayan gari, kusa da ƙauyen Janna, cikin gonaki. Sunansa Red Clay, ma'ana jan yumɓu. An buɗe shi a 2020. Da ƙonannen jan tubali aka gina shi, launin ƙasar wurin. Zaurukan manya ne ƙwarai. Mutum in ya yi magana, muryarsa ta dawo mashi.

Tun daga nesa baƙo zai ga abin mamaki: jiragen sama zaune cikin ciyawa. Tsofaffi ne, sun daina tashi. Mahama ya saye su, aka kwance fukafukansu, aka ɗoro su bisa manyan motoci daga kudu. Har shida aka kawo. An mai da cikinsu aji. Ƴan lakwal suna zuwa da malamansu, su hau matakala, su zauna, su leƙa ta taga, su taɓa wurin zaman matuƙi. A nan ake koya masu zane da aiki da kwamfuta. Yaron da bai san jirgi ba sai ƙararsa a sama, yau ga shi a ciki yana tambaya: mene ne wannan, yaya yake aiki?

Gefe guda kuma ga taragun jirgin ƙasa bisa guntun dogo. Wannan ma yana da labari. Turawan Ingila sun fara shimfiɗa dogo a Gana a 1898, daga Sekondi a bakin teku. Ya kai Kumasi a 1903. An yi shi ne don kwasar zinariya, katako da koko zuwa jirgin ruwa. Bai hau arewa ba. Arewa ta ba da ƙarti masu haƙa da masu dako, amma dogo bai zo mata ba. Taragun da ake gani a Tamale bisa mota suka zo, bayan sun tsufa an yar da su. Yawancin yaranmu na Nijar ma ba su taɓa shiga tarago ba. Sun san yadda abin yake.

Cikin ginin akwai wani zaure mai matakala kewaye, kamar wurin shawara. Sunansa Majalisar Fatalwowi. Kada sunan ya tsorata ku. Fatalwar da ake nufi ita ce aikin da aka fara ba a ƙare ba, da alkawarin da aka yi ba a cika ba, da ma'aikatan da aka manta. Mahama ya fara nuna wannan majalisa a Mancesta, ƙasar Ingila, a 2019, da tsofaffin kujerun jirgin ƙasa 120. Daga baya ya gina ta a gida.

Ba buhu kaɗai yake tarawa ba. Yana tara akwatunan masu gyaran takalmi, irin wanda ake bugawa da itace don kiran mai so. Ya taɓa jera ɗaruruwansu suka zama bango. Duk wanda ya yi biɗa a Kurmi ya san wannan akwati. Wataƙila ya rataya shi da kansa.

RUMBUN NKRUMAH

Gida na uku shi ya fi taɓa zuciyar manomi. Rumbu ne. Ƙaton rumbun siminti mai tsawo, ana hango shi daga nesa.

Gana ta samu ƴancin kai a 1957, a hannun Kwame Nkrumah. A zamaninsa aka fara gina manyan rumbuna a wurare da dama, don ajiyar koko da hatsi. Dabarar mai kyau ce. Mai rumbu ba ya sayarwa da kaka da arha, ba ya saye da bazara da tsada. Amma a ranar 24 ga Fabrairu 1966 soja suka kifar da Nkrumah. Aiki ya tsaya. Rumbun Tamale ya zauna fiye da shekara 50 ba a yi amfani da shi ba. Ƙasa da ruwa suka cika gindinsa. Mutanen gari suka riƙa kiran sa Nkrumah Volini, ma'ana ramin Nkrumah.

Mahama ya sayi wurin, aka kwashe ƙasar, aka buɗe shi ga jama'a a 2021. Da aka shiga, sai aka tarar da masu gida: jemagu masu yawa. Ba a kore su ba. An bar masu sashensu, tun da sun riga kowa zama. Ciki akwai sanyi da duhu, haske na shigowa ta kafofi.

Mu da muka ga yunwar 1973 da ta 1984, mun san ma'anar rumbu wofi. Mutum ya tsaya cikin wannan rumbu ya ɗaga kai, ba ya buƙatar mai bayani. Zai tuna rijiyar da aka fara a ƙauyensu ba a kai ruwa ba. Zai tuna magazan da aka gina aka bar ma gara. Wannan shi ne aikin irin wannan gida. Ba ya yin wa'azi. Yana ajiye abu gabanka, kai ka yi tunani.

MAI YUNWA, ME ZAI YI DA KALLO?

Wani zai ce: kallo ba ya cika ciki. Gaskiya ne. Gidajen nan uku ba su ƙara ma kowa damen hatsi ba. Kuma kuɗin da ke riƙe da su daga waje yake zuwa, daga masu sayen aikin Mahama. Ran da suka daina saye, gidajen za su ji jiki. Abin da ke wuyan mutum ɗaya kullum yana cikin haɗari.

Amma mu duba ɗayan gefen. Magina sun samu aiki. Masu ƙona tubali, maƙera, direbobi da masu ɗinki sun samu. A 2024 aka ba Mahama wani babban gini a Landan, mai suna Barbican, ya lulluɓe. Bai yi da buhu ba wannan karon. Ya sa masaƙan arewacin Gana suka saƙa zane tsiri-tsiri, irin saƙar masaƙanmu, har wajen murabba'in mita 2,000. Ɗaruruwan mutane suka haɗa shi da hannu a filin ƙwallon Tamale, don ba ɗakin da zai ɗauke shi. Aka ɗinka mashi tsofaffin riguna na saƙi wajen 100, waɗanda ake kira batakari, da aka karɓo daga gidaje bisa musanya. Kuɗin Landan ya shiga aljihun masaƙa da maɗinka.

Sannan akwai abin da ba a aunawa da tiya. Yaron da ya ga buhun ubansa a bango, ana zuwa daga nesa ana kallo, ba zai ƙara ganin aikin ubansa abin kunya ba.

MU FA?

Kada mu zaci wannan al'adar baƙi ce. Amarya in ta tare, mata suna zuwa ganin jere. Ƙore da kwanuka a jere tun daga ƙasa har sama, kowane da wurinsa. Matan Fulani suna shimfiɗa zanannun ƙorensu ranar taro, a zo a yaba. Maginan Birnin Damagaram suna zana fuskar gida, mai wucewa ya kalla kyauta. Ga tukwanen Mirya, ga aikin dukawa, ga sakalar masaƙa, ga azurfar maƙeran Agadas. Gwanaye muna da su. Ido ma muna da shi.

Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne wurin ajiya kusa da gida. A Yamai akwai gidan tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a 1959, mai sunan Bubu Hama yanzu. Masu sana'ar hannu suna aiki a cikinsa. Amma yaro nawa ne daga Dakwaro ko Tanut zai je Yamai? Kuma kaya suna fita. A 1975 aka gano tsofaffin tukwane da siffofin yumɓu a Bura, wajen Tera. Masanin tarihi Bube Gado ya yi haƙa a wurin a 1983. Da labari ya bazu, masu saye suka zo, aka yi ta tono ana sayarwa. Da yawansu yau suna ƙasashen waje. Jikokin masu wurin ba za su gan su ba.

A ƙauyukanmu ma haka ake yi a hankali. Roba ta kori akushi da tulu. Jarka ta kori salka. Buhun leda ya kori taiki. Tsohuwa ta rasu, a raba kayan ɗakinta, abin da ba a so a bar ma gara, ko a ba ɗan koli da kuɗi kaɗan.

Ba sai da jirgin sama ba. Ɗaki ɗaya ya isa, mai ƙofa da rufi mai kyau. A nemi yardar maigari. Kowane gida ya kawo abu ɗaya aro: tsohuwar hauya, sungumi, guga, sirdi, tandu, akushi, zanannar ƙwarya, zanen saƙi. A ɗora su bisa katako, nesa da ƙasa, saboda gara. Wanda ya iya rubutu ya ɗauki ƴar takarda ya rubuta abu huɗu: sunan abin, sunan wanda ya yi shi, shekarar da aka yi shi in an sani, da aikin da yake yi. Sunan wanda ya yi shi ne mafi muhimmanci. A bar wuri ga na yau: mai sassaƙa, mai saƙar faifai, yaron da ya iya zane. Ranar kasuwa a buɗe. Malamin lakwal ya kawo yara, tsoho ya zauna ya yi masu bayani. In baƙo ya so saye, a sayar mashi da sabon aiki, kuɗin ya tafi ga mai shi. Na kakanni kuwa ya zauna gida.

Ƴan uwa, in akwai gwani a garinku, ko wani da ya riga ya fara irin wannan ajiya, ku rubuto ma jaridarku. Ku faɗi sunan garin, da sana'ar, da abin da aka ajiye. Za mu buga, sauran garuruwa su ji.